Kada a Yanke wa Mota Cibiya

Mai girma shugaban wannan taro, Sarkin Tasha Alhaji Hussaini. Mai girma wakilin Mai Martaba Sarki. Fasto Andrawus da Malam Liman, waɗanda suka buɗe mana wannan zama da addu'a. Jami'in duba motoci da ya taso daga Kaduna, wanda yau ne kaɗai direbobinmu suka hango shi ba su canja hanya ba. Dattijon sana'armu Baba Tagwai. Iyayenmu na Zumuntar Mata tare da shugabarsu Mama Afiniki. Masu motoci, direbobi, kanikawa, masu walda da masu faci. 'Yan'uwa da suka taho daga Kagoro da Zonkwa da Kwoi da Gidan Waya har Kachia. Jama'ar Kafanchan maza da mata, ina gaishe ku baki ɗaya. Salama ta tabbata a gare ku. Sannunku da zuwa, sannunku da zama.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana taron kanikawa da direbobi na wannan shekara ta 1977 da rai da lafiya, damina ta wuce, citta ta nuna a ƙasa, motoci suna shirin shiga gonaki. Ina gode wa shugabannin ƙungiya da suka ga na isa in tsaya a nan. Da aka aiko mini, cewa aka yi in yi jawabi a kan ci gaban sufuri a ƙasar nan. Na ce a bar wa masu manyan takardu wannan, ni a ba ni izini in yi magana a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi babban yatsana ba, da guntun tiyon roba guda ɗaya. Ga su nan a aljihuna, kuma kafin in sauka kowa zai gan su.

Wanda bai san ni ba, ni ne Alekzanda, mai Garejin Himma da ke kan hanyar Kagoro. A aji uku na tsaya a sakandare, ba don kaina ya ƙi ba, sai don aljihun mahaifina ya ƙi. Daga nan na shiga Loko, wurin gyaran jiragen ƙasa, ina goge injin kwal, daga Loko na koma gindin mangwaro da sifana biyu da fulaya ɗaya. Ba wanda ya bar mini gado, ba wanda ya ɗora mini tubali. Yau garejina yana da rufin kwano da ramin duba mota, kuma daga Jos ma ana jawo mini aiki. An ce yabon kai jahilci ne, na sani. Na faɗa ne don ku tabbata wanda ke muku magana a kan cikin inji ya daɗe hannunsa na ciki.

Jama'a, a cikin taron nan akwai mutumin da ya zauna can baya, kusa da ƙofa, wurin da ba mazauninsa ba ne. Sunansa Dogara. Bara a layin gaba ya zauna tare da manyan direbobi. Abin da ya mayar da shi bakin ƙofa shi ne maganata ta yau, saboda haka ku ba ni kunnuwanku.

Kowa ya san akori-kurar Zumuntar Mata. Iyayenmu sun haɗa gumin cittarsu suka saye ta sabuwa fil. Ita ce ke kwaso citta daga gonaki ta kai Kachia, ita ce ke kai mai naƙuda asibiti, ita ce ke ɗaukar mawaƙa zuwa taron ekklisiya. Suka nemi direba mai hankali, suka ɗauki Dogara, mijin 'yar'uwarsu Rejina. Aka yi ta aiki lafiya, sai mota ta fara shan baƙin mai. A zuba yau, jibi a ce ya yi ƙasa. A ƙara, a sake cewa ya yi ƙasa.

Kada wani ya ce matan nan sun yi garaje, ba su yi ba. Sun yi bincike irin na masu hankali. Suka tsaya bayan mota suka dubi salansa, ba su ga hayaƙin ƙonon mai ba. Suka share harabar coci inda take kwana, suka shimfiɗa takardar buhun siminti a ƙarƙashinta, da gari ya waye suka ɗaga takarda tas, ko ɗigo babu. Sai suka ce, mai bai ƙone ba, mai bai zuba ba, to ina ya tafi? Wanda ke riƙe da makulli shi ya sani. Suka karɓe makulli. Magana ta fita daga coci ta shiga kasuwa, daga kasuwa ta shiga tasha, kuma kun san bakin tasha ba ya da birki. Aka sa masa suna Dogara Sha-mai. Wasunku da ke dariya yanzu da bakinku kuka kira shi haka. Ba mai mota da ya yarda ya ba shi sitiyari. Rejina ta ninke zanen Zumunta ta sa a ƙasan akwati, ta daina zuwa taro, in an tashi sujada ta kan bi ta ƙofar baya.

Amma zuciyar uwa ba ta kwanta ba. Mama Afiniki ta sa aka kawo motar garejina, ta zauna a kan benci, ta ƙi shan ruwa sai ta faɗi abin da ya kawo ta. Ta ce mini, "Ɗana, ka duba mini ita tsakaninka da Allah. In Dogara ɓarawo ne, in sani. In kuwa ba ɓarawo ba ne, to mu ne masu zunubi, in san wannan ma."

Na buɗe bonet. Abin da idona ya fara sauka a kai shi ne sandar auna mai, wadda muke ce wa geji, an ɗaure ta tam da robar tsohon tub. Na ce ruwa ba ya tsami banza. Na aika a kira Dogara. Ya zo ta bayan gareji, ba ta gaba ba, ya tsaya nesa da motar kamar wanda aka hana taɓa ta. Na tambaye shi wa ya ɗaure geji. Ya ce, "Oga, ni ne. Abin yana tsalle. In na hau tudu da kaya sai ya fito, mai ya fesa, shi ne na ɗaure shi." Na ce ka faɗa wa su Mama? Ya ce, "Na faɗa. Suka ce sanda ba ta da ƙafa."

Gaskiya ne, sanda ba ta da ƙafa. Amma in ka ga abin da ba shi da ƙafa yana tsalle, akwai mai tura shi daga ƙasa. Na bi murfin saman inji da hannu, na tarar da abin da nake zato. An yanke wa motar cibiya. Ga abin da aka toshe ramin da shi, kowa ya duba: totuwar masara ce, an fere ta, an doka ta da guduma, an naɗe da waya.

Baƙonmu na Kaduna ba zai san wannan al'ada ba, bari in bayyana. A nan, in mutum ya sayi sabuwar mota, ya kan kai ta wurin Fasto ko wurin Malam a sa mata albarka, daga nan ya wuce da ita wurin bakanike a yanke mata cibiya. Cibiyar ita ce wannan tiyo da ya fito daga jikin inji ya zagayo ya koma cikin inji ta ƙarƙashin kafireta, inda iska ke gauraya da fetur. Bakanike ya sa wuƙa ya datse shi, ya cire ɗan ƙarfen da ke bakinsa ya jefar, ya toshe ramuka da totuwa ko da noti ko da tsohon filogi. Mai mota ya tafi da murna, yana cewa yanzu motarsa ta zama 'yar gida. Ban tambayi wanda ya yanke ta Zumunta ba, na ma roƙi Mama kada ta faɗa mini, domin kusan duk garejin da aka kai ta a garin nan haka za a yi mata, kuma da kyakkyawar niyya. Shi ya sa na ce wannan ba maganar mutum ɗaya ba ce, maganar taro ce.

Magana ta farko: inji yana numfashi, kuma ba ta hanci ɗaya ba. Kowa ya san iskar da ke shiga ta kafireta ta fita ta salansa. Akwai wani numfashi na biyu da ba a gani. Duk lokacin da wuta ta tashi a kan fistan, ba dukan hayaƙin ke bin salansa ba. Wani yana kurɗawa ta gefen zobban fistan ya gangara ƙasa, cikin ɗakin da karanshaf ke juyawa, inda baƙin mai yake kwance. Sabon inji kaɗan yake zubarwa, tsohon inji da yawa, amma babu injin da ba ya yi, ko jiya aka sauke shi daga jirgi. A cikin wannan hayaƙi akwai fetur da bai ƙone ba, akwai tururin ruwa, akwai toka. To ɗakin da hayaƙi ke shiga ba dare ba rana, dole a bar masa mafita. Iyayenmu mata sun fi mu sanin wannan. Wace ce a cikinku za ta hura wuta a ɗakin girki, ta liƙe taga, ta yaɓe ƙofa, ta ce tana tsoron ƙura?

Tsofaffin manyan motocin da muka tashi muka tarar, bututu kawai aka yi musu mai kallon ƙasa. In mota na gudu, iskar hanya ta ja hayaƙin ta fitar. In ta tsaya ko tana rarrafe a cikin taɓo, hayaƙi ya zauna abinsa. Masu ƙera mota suka duba suka ga akwai gyara. Suka ce tun da inji yana zuƙar iska da ƙarfi, a sa shi ya zuƙe wannan hayaƙin da kansa. Suka yi hanya biyu: ɗaya daga tukunyar tace iska, tana kawo tsabtatacciyar iska cikin ɗakin karanshaf, ɗaya kuma ita ce cibiya, tana janye gurɓatacciyar ta kai ta a ƙone. A bakin cibiyar suka sa mai gadi, shi ne wannan ɗan bawul. A littafin mota haruffa uku ne sunansa, P da C da V. A cikinsa akwai ɗan harshe da sifirin. In mota na silo, wato tana tsaye inji na juyawa a hankali, sai ya tsuke hanya, don kada iska ta yi wa fetur yawa. In an taka mota sai ya buɗe, domin lokacin ne hayaƙi ke ƙaruwa. In kuma inji ya yi atishawa wuta ta dawo baya, sai ya rufe ruf, kada wutar ta kai ga mai. Ba ya karɓar albashi, ba ya zuwa hutu, mu kuwa muna cire shi muna jefawa cikin kwata.

Magana ta biyu: me ya sa muke yankewa? A nan zan yi taka-tsantsan, domin na gaba ba sa yin abu don wauta. Bawul ɗin nan in ya daɗe ba a wanke ba, ya kan maƙale. In ya maƙale a buɗe, mota ta riƙa rawa a silo, tana mutuwa a tsaye. Bakanike ya datse tiyo ya toshe, nan take mota ta daidaita, mai ita ya ce lallai wannan ya san aiki. Da aka ga haka sau ɗaya, sau biyu, sai aka ce ai gara a yanke tun tana sabuwa. Da aka yanke kuma, sai aka ga rami a buɗe, ga jar ƙasar hanyoyinmu, ga rafukan da muke kutsawa da damina, sai aka ce a toshe kada datti ya shiga. Kowane mataki da hujjarsa, amma inda matakan suka kai mu rami ne.

Kafin in zo nan na je na durƙusa gaban Baba Tagwai, domin ba zan faɗi magana a kan sana'a a bainar jama'a ba tare da ubanta ya fara ji ba. Ya saurare ni har na gama, yana shan shayinsa. Sai ya ce, "Alekzanda, ko akuya ba ta komawa ta ci abin da ta fitar. Kai kana so mota ta yi?" Na ce Baba, a gafarce ni, wannan ba abin da ta fitar ba ne, abin da ya zube mata ne. In ana sussukar dawa, tsabar da ta faɗi gefen masussuka ba a barin ta, sharewa ake a mayar cikin buhu. Feturin da ke cikin hayaƙin nan tsaba ce, da kuɗinmu muka saya. Baba ya miƙo hannu. Ya karɓi bawul ya kai kunne ya girgiza, ya ce in bar masa ya kwana da shi. Kwana biyu bayan haka ya aiko mini da shi, ya buɗe shi ya mayar, tare da saƙo cewa in an yi taro a ajiye masa kujera a gaba. Ga shi nan zaune. Baba, Allah ya ƙara girma. Babba shi ne wanda in kiɗa ya canja ya fara canja rawa kafin yara.

A garejina ba a taɓa yanke cibiya ba, kuma Loko ne ya hore ni. Duk ɗan Kafanchan ya san hucin injin kwal in ya cika da tururi ya buɗe bawul ɗin bisa kansa, har kajin unguwar reluwe su watse. Ina sabon shiga, na ce wa wani tsohon direban jirgi ƙarar nan tana ba ni tsoro. Ya ce mini, "Injin da ke huci ba ya kashe mutum. In ka ga an hura masa wuta ya yi shiru, shi ne za ka cire takalmi ka gudu." A Loko wanda ya taɓa wannan bawul ranar zai bar aiki. Tun daga lokacin, in na ga an toshe wa ƙarfe numfashi, jikina ba ya ba ni.

Magana ta uku, ita ce ta Dogara: me ke faruwa in an toshe? Hayaƙi ba ya fasa sauka don an rufe masa ƙofa. Da farko sai ya juya baya ya bi hanyar shigar iska, ya tafi da feshin mai ya jiƙe ragar tacewa, ƙura ta hau kai, ita ma ta liƙe. Daga nan inji ya zama tukunyar da aka ɗaure wa murfi aka ci gaba da iza wuta. Waɗanda suka san tukunyar burkutu sun gane abin da nake nufi; ni dai labari nake ji, Fasto yana kallona. Iska ta cika ciki, ta fara neman inda ya fi rauni. A motar Zumunta ta fara da sandar geji, ta riƙa cilla ta waje. Da aka ɗaure sanda, sai ta koma kan robar da ke tare mai a bayan karanshaf, can tsakanin inji da giya, inda ido ba ya kai wa, ta tura ta. To ku lura da kyau: wannan yoyo ba ya yi sai mota tana aiki da ƙarfi, da kaya, a kan tudu. In an kashe ta iska ta sace, mai ya koma ya kwanta a ƙasan inji, abin da ya saura a jiki kuma jar lakar da ta daskare a ƙarƙashin mota ta shanye. Shi ya sa takardar iyayenmu ta wayi gari tas. Man Zumunta ba a galan ɗin kowa yake ba. Yana nan shimfiɗe a kan hanya, daga nan har Kachia, ɗigo bayan ɗigo.

Da na faɗa wa Mama haka, ta ce ta ji, amma ba ita kaɗai ba ce Zumunta. Na ce gani ya kori ji. Muka wanke ƙarƙashin motar fes, muka loda mata buhunan yashi, na ɗauki Mama da mata biyu daga cikin waɗanda suka fi zafi a kan maganar, muka hau tudun hanyar Kagoro. A sama na tsaya, ban kashe inji ba, na ce su sunkuya. Dattawan mata uku suka tattare zane suka durƙusa a bakin titi, suna kallon baƙin mai yana tsiyaya kamar an huda gora. Muka sauko. Muna shiga gari ɗaya daga cikinsu ta ce a sauke ta a ƙofar gidan Rejina.

Ba yoyo ne kaɗai ɓarnar ba. Da na kwance kwanon mai na ƙasa, abin da na kwaso da hannu ba mai ba ne, wani baƙin kunu ne mai kauri. Tururin ruwan nan da ya rasa hanyar fita shi ne ya koma ya gauraya da mai da toka. Manoman citta, ku ne shaiduna. Ka zuba citta a buhu ba ta gama bushewa ba, ka kulle a ɗakin da iska ba ta ratsawa, me za ka tarar ranar kasuwa? Haka cikin inji yake. Da motar nan ta shiga kakar bana a haka, da kunun ya toshe hanyoyin mai, da wata rana inji ya ƙwanƙwasa a tsakiyar daji, wataƙila da citta a baya, wataƙila da mai naƙuda.

Na sa sabuwar roba, na wanke ciki, na mayar da cibiya da bawul ɗinta. Na ce wa Mama, in man motar nan ya sake yin ƙasa ba dalili, ki aiko a sauke allon Garejin Himma, ni da kaina zan riƙe tsani. Tun daga ranar ta yi ta zirga-zirga zuwa Kachia da kaya, Mama Afiniki da hannunta take zare geji, da bakin zanenta take gogewa. Allona yana nan inda yake, ku bi ta hanyar Kagoro ku gani.

Magana ta huɗu gajeriya ce, domin aikin ba shi da wuya. Duk ranar juyen mai, a zare bawul a kai kunne a girgiza. Ku yi shiru ku ji wannan. Kun ji ƙas-ƙas? Lafiyarsa lau. In ya yi gum, a jiƙa shi a kananzir a wanke, in ya ƙi a sa sabo. A ta da mota a ɗora yatsa a bakinsa, in ya tsotsi yatsa yana aiki. A matsa tiyo, in ya tsage ko ya bushe a canja shi. A wanke ragar da ke wajen shigar iska. Iyakar abin ke nan, bai kai cin kwanon tuwo ɗaya lokaci ba. Direbobi kuma, in geji ya yi tsalle kada ku ɗaure shi, ƙara yake kai muku. In kun ga mai a cikin tukunyar tace iska, ko wani farin kumfa a bayan murfin zuba mai, ku zo gareji tun da ƙafar motarku.

Saboda haka, mai girma shugaba, ina roƙon wannan taro abu biyu. Ina roƙo a yanke shawara yau cewa daga bana ba bakaniken ƙungiyar nan da zai sake sa wuƙa a cibiyar mota. A kai ta wurin Fasto, a kai ta wurin Malam, daga nan a wuce da ita gida. Ina kuma roƙon masu motocin da aka riga aka yanke wa, su kawo su kafin lodin citta ya kankama, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Ƙofar garejina a buɗe take, aikin hannu kyauta ne har ƙarshen kaka, kuma duk bakaniken da ke son ganin yadda ake mayarwa ya zo ya tsaya kusa da ni, ba zan ɓoye komai ba. Motoci suna ƙaruwa a ƙasar nan, ana buɗe hanyoyi, cittarmu tana tafiya inda mu ba mu taɓa zuwa ba. Ina so a wayi gari a ce in kana son injinka ya tsufa, kai shi Kafanchan. Muna da hannu, muna da kai, totuwa ce kawai ta tsaya mana a hanya.

Saura abu ɗaya. Inji in ya lalace ana sauke shi a sa wani. Suna in ya lalace ba shagon da ke sayar da shi. Da na ce wa Mama Afiniki ta mayar wa Dogara makulli tun a gareji, ta ƙi. Ta ce, "A gaban mutane muka ɓata shi, a gaban mutane za mu wanke shi. Ka faɗa a taro yadda ka faɗa mini, ni kuma in yi nawa." To Mama, na faɗa. Ni Alekzanda, a gaban Sarkin Tasha, a gaban Fasto da Liman, a gaban duk wanda ya taɓa kiran wancan suna, ina shaida cewa Dogara bai taɓi ɗigon man Zumunta ba. Ya faɗi gaskiya tun farko, sanda ta yi tsalle, ba a yarda da shi ba.

Dogara, taso daga bakin ƙofar nan. Ku buɗe masa hanya. Taho gaba, ga Mama ta miƙe, makulli yana hannunta. Wancan suna kuwa ya mutu yau, wanda ya sake tono shi a tasha ya san Sarkin Tasha ya ji da kunnensa. Wadda kuke jin guɗarta daga cikin layin Zumunta, da zanenta a jiki, Rejina ce. Dogara, karɓi da hannu biyu. Gobe da sassafe akwai lodi a Kwoi. Wannan totuwa kuma riƙe ta, taka ce, ka rataye a gaban mota, duk wanda ya tambaye ka ka ba shi labari.

Allah ya albarkaci wannan taro da waɗanda suka shirya shi. Allah ya ja zamanin Sarki, ya ba shugabanninmu hikima. Allah ya sa albarka a cittar bana, ya ba iyayenmu mata kasuwa mai kyau. Allah ya tsare direbobinmu a kan tudu da gangare, ya tsare hannuwan kanikawa, ya tsare bakunanmu daga ɗora wa mutum abin da bai ɗauka ba. Ya zaunar da garinmu lafiya, masu zuwa coci da masu zuwa masallaci, ya mayar da kowa gidansa cikin salama. Amin.

Na gode.